Tambayoyi da Amsoshi Kan Tantance Tsohon Agogon Hannu Mai Wani: Asalinsa, Ƙirarsa da Darajarsa

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga waɗanda suka gaji tsohon agogo daga mahaifi ko kaka, da kuma masu niyyar sayen na hannu a kasuwa ko ta intanet. Yawancin misalan sun tsaya a kan Seiko 5, domin shi ne ya fi yawa a akwatunan gidajenmu, kuma lambobinsa suna da sauƙin karantawa. An kawo Rado da Omega da Rolex a inda suka ƙara haske.

1. Mene ne agogo mai wani, kuma yaya zan bambanta shi da mai batir?

Agogo mai wani ba ya amfani da wuta ko kaɗan. A cikinsa akwai sifirin na ƙarfe da aka naɗe a cikin wata 'yar ganga, wanda idan aka matse shi yake warwarewa sannu a hankali, yana juya jerin giyoyi masu haƙora, su kuma giyoyin suna juya hannayen agogo. Abin da ke hana sifirin ɗin warwarewa gaba ɗaya lokaci guda shi ne wani zobe mai kai-komo da ke ɗauke da siririyar waya kamar gashi, kuma wannan zobe ne ke ƙayyade saurin tafiyar agogo. Irinsa biyu ne: akwai wanda ake yi wa wani da yatsa kullum, akwai kuma otomatik, wanda wani faifan ƙarfe mai siffar rabin wata yake juyawa da motsin hannun mai shi yana yi masa wani.

Hanya mafi sauƙi ta bambancewa ita ce a dubi hannun sakan. Na mai batir yana tsalle sau ɗaya a kowace daƙiƙa, na mai wani kuwa yana tafiya da ƙananan matakai da ido ke gani kamar sulalewa. Injin galibin Seiko 5 yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a daƙiƙa guda. Agogon hannu na farko mai injin kwaz, wato irin injin batir da ya zama ruwan dare a yau, da aka sa a kasuwa shi ne Seiko Astron, ranar 25 ga Disamba 1969, saboda haka duk agogon da aka ce an saya kafin wannan shekara amma aka same shi da injin kwaz, to labarinsa da injinsa ba su dace ba. Galibin masu tara agogo suna kiran agogo tsoho idan ya kai shekara 25 zuwa 30.

2. Me ake nufi idan an ce agogo na asali ne?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa abu biyu ne kawai, ko na asali ko jabu, alhali a tsofaffin agogo matakai ne. Akwai jabu zalla, wanda ba kamfanin da sunansa ke kan fuska ba ne ya ƙera shi. Akwai wanda kowane sashe nasa ya fito daga kamfanin gaskiya, amma an tsinto sassan daga agogo daban-daban aka haɗa: injin wannan, fuskar wancan, murfin bayan na uku. Wannan haɗin gambiza shi ne ya fi cika kasuwa, kuma shi ya fi wuyar ganewa, domin duk inda ka duba za ka ga sunan kamfani. Akwai kuma wanda aka taɓa gyarawa aka sauya masa gilashi ko kan wani (ɗan maɓallin gefe da ake murzawa a yi wani ko a saita lokaci) ko sifirin da kayan da suka dace da shi, wanda wannan ba aibi ba ne matuƙar an faɗa. A can sama akwai wanda fuskarsa da hannayensa da injinsa da gidansa duk waɗanda ya baro masana'anta da su ne.

Saboda haka tantance asali aiki ne na neman daidaito. Ana son abin da murfin baya ya faɗa ya yi daidai da abin da fuska ta faɗa, shi kuma ya yi daidai da abin da aka zana a jikin inji, sannan tsufan sassan ya zama iri ɗaya. Duk sauran tambayoyin da ke ƙasa hanyoyi ne na bincika wannan daidaito.

3. Yaya ake karanta lambobin da ke bayan Seiko?

A murfin baya akwai lambobi iri biyu. Na farko guda takwas ne da ɗan layi a tsakaninsu, misali 6309-7040. Huɗun farko sunan inji ne, huɗun ƙarshe kuma samfurin gida ne. Idan aka sa gilashin ƙara girma aka dubi ƙasan fuskar agogo, kusa da ƙarfe shida, za a ga wani rubutu ƙanƙane da ya fara da lambar injin, sannan lambar samfurin fuskar ta biyo baya. Idan aka buɗe agogon, lambar injin tana nan a zane a jikinsa. Wajibi ne waɗannan wurare uku su ambaci inji ɗaya. Murfi ya ce 7009, fuska ta ce 6309, to an yi haɗi, ko da agogon yana tafiya lafiya lau.

Akwai wata alama da ke taimakawa ga agogon shekarun 1960 da 1970. A wancan lokaci masana'antu biyu ne suke yi wa Seiko agogo a Japan, Suwa da Daini, kuma kowace tana da tambarinta: na Suwa kamar ruwa mai juyawa, na Daini kamar walƙiya. Injunan 6119 da 6139 da 6309 na Suwa ne, 7005 da 7009 kuma na Daini ne. Ganin tambarin walƙiya a fuskar agogon da injinsa 6309 ne ya isa ya sa mai saye ya dakata.

4. Zan iya sanin shekarar da aka ƙera shi?

Za ka iya, ta lamba ta biyu da ke murfin baya, wadda galibi alƙaluma shida ne, ko bakwai a agogon da suka girmi ƙarshen shekarun 1960. Alƙalami na farko shi ne na ƙarshen shekara, na biyu kuma wata ne: 1 zuwa 9 daga Janairu zuwa Satumba, sai harafin O na Oktoba, N na Nuwamba, D na Disamba. Lambar da ta fara da 3N tana nufin Nuwamba na shekarar da ta ƙare da 3. Sanin ko 1973 ce ko 1983 ya dogara ga injin da aka karanta a tambaya ta 3. Injin 6139 ya fito a 1969 kuma bai kai shekarun 1980 ba, don haka 3N a kansa 1973 ce. Injin 7S26 bai fito ba sai 1996, don haka lambar da ta fara da 8 a kansa ba za ta zama 1988 ba. Inda injin ya daɗe ana yinsa fiye da shekara goma, kamar 6309 da aka yi daga 1976 zuwa 1988, sai a nemi ƙarin shaida daga salon rubutu da tambarin masana'anta.

Wata shaida mai amfani ita ce kalmar da ke nuna juriyar ruwa. Har zuwa wajajen 1970 Seiko yana rubuta Water Proof, daga baya ya koma Water Resist. Su kuwa agogon Suwizalan kowane kamfani da tsarinsa: Omega yana zana lambar jeri a jikin inji, lambar samfuri kuma a cikin murfin baya, tsofaffin Rolex kuwa suna ɗauke da lambobinsu a gefen gida tsakanin ƙahonnin da ke riƙe madauri, sai an cire madaurin ake ganinsu.

5. Yaya zan gane an sake fentin fuskar agogo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai neman agogon tarawa, domin fuska ce ke ɗauke da kaso mafi girma na darajar tsohon agogo, kuma ita ce sashen da idan aka taɓa ba ya komawa yadda yake. Masana'anta tana buga rubutu da hatimi mai kaifi, shi ya sa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma haruffan asali suke fitowa sirara, bakinsu a tsaye, kaurinsu ɗaya. Rubutun da aka sake yana da kauri, tawada tana malala a gefen haruffa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta daidaita. A duba ƙananan layukan minti da ke zagaye da fuska, a gani ko kowace alamar awa ta faɗi daidai kan layinta. A duba gefen sandunan ƙarfe na awa da gefen tagar kwanan wata, domin mai fenti yakan bar ɗigon launi a jikinsu. A duba kuma ƙaramin rubutun ƙasan ƙarfe shida da aka yi bayani a tambaya ta 3, wanda masu sake fenti sukan manta da shi, ko su rubuta Japan Made kurum ba lamba.

Akwai wani nau'i da ya cika shafukan sayarwa na intanet, wanda ake haɗawa da yawa a Indiya daga tsofaffin injunan Seiko da Citizen da HMT na Indiya. Ana gane shi da launuka masu ɗaukar ido waɗanda kamfanin bai taɓa yi a wannan samfuri ba, da gida mai ƙyalli kamar sabo, da sabon madaurin fata mai arha, da farashi mai sauƙi ƙwarai. Idan aka buɗe sai a tarar da inji da ya sha wuya. Babu laifi mutum ya sa irin wannan a hannunsa idan ya san abin da ya saya, amma kuskure ne a biya masa kuɗin agogon asali.

Ya kamata a saba da ganin tsufa a matsayin shaida. Fuskar da ta shekara 50 takan ɗan rine zuwa ruwan madara, baƙa takan koma ruwan ƙasa idan ta sha rana, kuma ƙananan ɗige sukan bayyana. Masu tara agogo sun fi son wannan a kan fuskar da aka sabunta, kuma ra'ayinsu yana da hujja, domin tabon shekaru ba a iya ƙirƙira shi cikin sauƙi. Abin da ba a so shi ne ɓarnar ruwa, wato fenti mai kumbura ko ɓamɓarewa da tsatsa a gindin hannaye, domin alama ce cewa injin ma ya jiƙa.

6. Me ya sa hasken dare na agogona ya mutu, kuma akwai haɗari a cikinsa?

Mutuwar hasken alama ce mai kyau. Daga farkon shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Suwizalan sun yi amfani da sinadarin tiritiyam, kuma sukan rubuta harafin T a gefen kalmar Swiss a ƙasan fuska. Ƙarfin wannan sinadari yana raguwa da rabi a duk shekara 12 da 'yan watanni, don haka agogon 1970 da yake kwana yana haske kore shar an sake shafa masa sabon sinadari. A kuma kwatanta launin da ke kan hannaye da wanda ke kan alamomin awa: idan na fuska ya koma ruwan ƙwai amma na hannaye fari fat ne, an sauya hannayen.

Haɗarin yana ga agogon da suka girmi wannan zamani, wato na shekarun 1950 zuwa baya, waɗanda aka shafa wa radiyam. Haskensu ya daɗe da mutuwa, amma tururin da radiyam ke fitarwa bai mutu ba, domin sai bayan shekara kusan 1,600 yake raguwa da rabi. Kada a buɗe irin wannan agogo a gida, kada a kankare fuskarsa ko a hura ta da baki, domin shaƙar ƙurar ko haɗiye ta shi ne babban haɗarin. Kada kuma a bar wa yara shi su yi wasa, musamman idan gilashinsa ya fashe.

7. Idan mai gyara ya buɗe mini murfin baya, me zan duba a inji?

Da farko lambar inji da sunan kamfani, kamar yadda ya gabata a tambaya ta 3. Jabun Seiko 5 na zamani sukan zo da inji marar suna, ko kuma a manna takarda mai suna a kan faifan otomatik maimakon a zana shi a ƙarfe. Bayan haka a dubi launin sassan, domin farantin da ya fi sauran haske ko duhu daga wani agogo aka ɗauko shi. A dubi kawunan kusoshi: idan sun ci rauni, bakinsu ya faɗaɗa, wanda bai ƙware ba ya sha buɗe agogon. Tsatsa ja a jikin sandar kan wani ta nuna ruwa ya shiga ta nan. Zagayen goga a cikin murfi ya nuna faifan otomatik ya saki yana taɓa murfin.

A dubi siririyar wayar zoben kai-komo yayin da agogo ke tafiya. Ya kamata ta riƙa buɗewa tana rufewa daidai wa daida, ba tare da wani zagaye ya manne da ɗan uwansa ba. A cikin murfin kuma akan tarar da ƙananan rubuce-rubuce da masu gyara na dā suka zana da allura, galibi kwanan watan da suka yi aiki. Waɗannan ba sa rage daraja, sun ma nuna cewa mai agogon yana kula da shi.

8. Duwatsun da ake rubutawa, 17 ko 21, masu tsada ne?

Ba masu tsada ba ne. Yakutu ne na haɗi da ake ƙerawa a masana'anta tun farkon ƙarni na 20, ana sa su a inda sandunan giyoyi ke juyawa domin rage gogayya da riƙe ɗigon mai. Duwatsu 17 sun wadatar da injin da ake yi wa wani da hannu, otomatik kuma yakan ƙara wasu. Yawansu fiye da haka ba ya nuna fifiko, kuma an taɓa yin zamanin da wasu kamfanoni suke cusa duwatsun da ba su da aiki don talla kawai. Agogon da aka rubuta masa dutse ɗaya, ko babu, yawanci mai arha ne da ke amfani da fil na ƙarfe a maimakon dutse. Amfanin wannan lamba ga mai tantancewa shi ne a gwada ta: adadin da ke fuska ya zama shi ne a jikin inji.

9. Yaya zan san ƙarfen da aka yi gidan da shi, kuma zinari ne da gaske?

Murfin baya yakan faɗa. Stainless Steel kaɗai yana nufin gidan duka ƙarfe ne marar tsatsa. Idan aka rubuta Stainless Steel Back ko Base Metal, to murfin ne kawai mai kyau, sauran gidan farin ƙarfe ne da aka yi wa rufi, kuma gumi yakan cinye shi ya bar ramuka a gefen da ke taɓa fata. Haruffan SGP a Seiko ruwan zinari ne, haka ma rubutun 10 ko 20 Microns a agogon Turai, wanda ke nuna kaurin rufin. Zinari na gaske yana da hatimi: 750 ga karat 18, 585 ga karat 14, 375 ga karat 9. Tsofaffin agogon zinari na Suwizalan suna da ƙarin hatimin hukuma, kan mace ga karat 18 da kurege ga karat 14, har zuwa 1995 da aka koma amfani da kan kare. Wannan bincike yana da wani amfani a wajenmu bayan na kuɗi, tunda Musulunci ya hana maza sa zinari, kuma magidanci zai so ya san abin da ke hannunsa.

Bayan sanin ƙarfe sai duba siffa. Gidan da ya baro masana'anta yana da kusurwoyi masu kaifi, wani gefe mai ƙyalli, wani mai zanen goga. Injin goge ƙarfe yana cinye waɗannan, ya bar gida sumul kamar sabulun da aka yi wanka da shi, ƙahonni su sirance, rubutun murfi ya dushe. Ƙarfen da aka goge ya tafi ke nan har abada, shi ya sa gida mai ƙujewa amma da kusurwoyinsa ya fi gogagge daraja. Akwai ƙarin bayani a tambaya ta 13.

10. Rado ɗin da alhazai suke dawowa da shi fa, yaya ake tantance shi?

Wanda aka fi sani shi ne DiaStar, mai faffaɗan gida kamar ƙwai, wanda ya fara fitowa a 1962. An yi saman gidansa da haɗin tungistan mai tsananin tauri, don haka na asali yana da nauyi a hannu, kuma bayan shekaru masu yawa da wuya a ga ƙujewa a jikinsa, ko da yake yana iya tsagewa idan ya faɗi a kan siminti. DiaStar marar nauyi wanda ya cika da zane, ko ruwan zinarinsa ya goge har wani ƙarfe ya bayyana a saman gidan, abin zargi ne. A samfuran otomatik ƙaramin anka da ke fuska yana juyawa idan aka karkata agogon. Tsayawarsa kaɗai ba ta isa hukunci ba, domin tsohon mai yakan daskare ya riƙe shi, sai a haɗa da binciken inji na tambaya ta 7.

11. Agogon yana tafiya. Wannan bai isa shaidar lafiyarsa ba?

Bai isa ba, domin injin Seiko yakan ci gaba da tafiya shekaru bayan mansa ya bushe, yana cin kansa a hankali. Gwaji mai sauƙi shi ne a saita shi da agogon waya, a sa shi yini guda, a ga bambanci washegari. Tsohon agogo da bai wuce minti ɗaya ba a yini yana cikin hali mai kyau. Sannan a ajiye shi a ga tsawon lokacin da zai yi kafin ya tsaya, wanda a mai lafiya yakan kusanci awa 40. Idan yana gudu da mintuna masu yawa, sau da yawa maganaɗisu ne ya kama siririyar wayarsa saboda ajiye shi kusa da lasifika ko makamancinta, kuma cire wannan aikin 'yan daƙiƙu ne ga mai na'urar. Mai gyaran da ke da na'urar sauraron bugun agogo zai iya nuna maka faɗin lilon zoben, wanda ƙarancinsa ke nuna datti ko gajiyar sifirin.

A sani cewa injunan 6309 da 7009 da 7S26 ba a yi musu wani da yatsa. Juya kan wani ba ya yin komai, sai an girgiza agogon a hankali yake tashi, kuma haka aka ƙera su. Kada kuma a sauya rana ko kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da huɗu na asuba a lokacin da agogon ke nunawa, domin a sa'annan haƙoran sauya kwana suna cikin aiki, tilasta musu yana karya su.

12. Me ke sa wani tsohon agogo ya yi tsada wani kuma bai yi ba?

Tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. Abin da ke kawowa shi ne ƙarancin samfurin, da matsayinsa a tarihin ƙira, da yawan masu nemansa, sannan sama da komai halin da yake ciki. Seiko 5 ya fara fitowa a 1963, an kuma yi shi da yawan gaske don talaka ya samu otomatik mai ƙarko, mai nuna rana da kwanan wata a taga ɗaya. Saboda wannan yawa, gaskiyar da ya kamata magada su ji ita ce galibin Seiko 5 ba su da tsada a kasuwa, ko da sun shekara 40. Waɗanda masu tarawa suke bi su ne irin agogon nutso na farko da Seiko ya yi a 1965, da 6105 da 6309-7040 da suka biyo bayansa, da kuma 6139 mai awon gudu, wanda ɗan sama-jannatin Amurka William Pogue ya tafi da mai fuska ruwan ɗorawa zuwa tashar Skylab a 1973. Ko a cikin waɗannan, wanda aka sauya wa fuska da zoben gaba da kayan kwaikwayo yana faɗuwa ƙasa warwas.

Wanda ya mallaki agogo ma yana iya ɗaga shi, idan akwai hujja. Rolex Daytona na ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman an sayar da shi dala miliyan 17.8 a birnin New York a Oktoba 2017, kuma mafi yawan kuɗin na sunan mai shi ne. A namu matakin, faifan ranaku mai Larabci da Ingilishi da ake gani a Seiko 5 da yawa yana nuna an yi agogon ne don kasuwar ƙasashen Larabawa, abin da ke ƙarfafa labarin iyali idan sun ce daga aikin Hajji aka zo da shi. Wannan ba zai ninka farashi ba, amma dalili ne mai kyau na kada a bari a sauya faifan.

13. Zan kai shi gyara. Me zan ce wa mai gyara?

A nan ne aka fi yin asara, kuma galibi da kyakkyawar niyya, domin mai gyara yana so ya miƙo maka agogo yana walƙiya. Garin gyaran gira ake rasa ido. Ka faɗa masa tun kafin ya taɓa: Malam, a wanke inji a sa mai, a sauya robar murfi da ta kan wani, amma kada a goge gida, kada a taɓa fuska, kada a sauya hannaye, kuma duk abin da aka cire a dawo mini da shi. Ka ɗauki hoton fuska da murfi da inji a gabansa kafin ka bar agogon. Gilashin roba da ya yi zane ana iya goge shi da hannu ya washe, ba sai an sauya ba, kuma a tsofaffin Omega na asali yana da ƙanƙanin tambarin kamfani a tsakiyarsa, wanda yake tafiya idan aka jefar da gilashin.

Sabis na gaskiya shi ne a warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a mayar, a ɗiga man agogo a wuraren da ya dace. Tsoma inji dungurungum a fetur ko fesa masa man keken ɗinki yana sa ya tashi na ɗan lokaci, daga baya man ya kama ƙura ya zama laka. Kada kuma a yarda da shawarar cire injin a sa mai batir don sauƙi, domin daga ranar agogon ya fita daga sahun waɗanda ake tarawa. Agogon da ake sawa kullum yana bukatar sabis kusan duk shekara biyar.

14. Tunda an rubuta yana jure ruwa, zan iya alwala da shi?

A cire shi. Juriyar ruwa ta dogara ga zoben roba da ke murfi da kan wani da gilashi, kuma roba takan bushe ta tsage cikin shekaru, ko da a agogon nutso ne. Sai an sauya su an gwada da na'urar matsi za a amince. Idan aka ga hazo a cikin gilashi, a kai shi a buɗe a busar a ranar, domin tsatsa ba ta jira. Ƙurar hunturu ma ta wannan kafa take shiga, damshin damina kuma shi ke baƙanta sinadarin hasken da aka ambata a tambaya ta 6, don haka a ajiye shi a busasshen wuri nesa da rana.

15. Idan agogon yana da kwali da takardu, ko daga babban gidan gwanjo ya fito, ba shi ke nan ba?

Takardu suna ƙara daraja idan lambar da ke kansu ita ce ke jikin agogon, amma kwali da katin garanti ana sayar da su daban, ana kuma buga na bogi. Ko manyan masana ana rufe su. A Nuwamba 2021 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a Janeba a kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa an haɗa agogon ne daga sassan agogo daban-daban. Idan haka ta faru a wannan mataki, mai saye a kasuwa ya fi cancanta ya bi matakan tambaya ta 3 zuwa ta 9 da kansa.

16. Ina so in saya ta intanet, ko in kimanta wanda ke cikin kayan gado. Ta ina zan fara?

Mai saye ya nemi hotuna masu haske na fuska kai tsaye, da ƙasan ƙarfe shida, da murfin baya yadda lambobi za su karantu, da gefen gida, da inji a buɗe. Wanda ya ƙi nuna inji yana kiran ka cinikin biri a sama. Ka sa lambar samfurin a manhajar bincike, ka kwatanta da hotunan tsofaffin kundayen tallan kamfanin, waɗanda na Seiko da yawa suna nan a intanet, ka ga ko an taɓa yin wannan fuska da waɗannan hannaye a wannan gida. Ka ƙara kuɗin sabis a kan farashin tun kafin ka yi tayi.

Wajen kimanta kayan gado, a duba farashin da aka sayar da irinsa, ba wanda masu sayarwa suke nema ba, domin tazarar da ke tsakaninsu takan yi yawa. A nemi ra'ayin mutum biyu aƙalla, kuma kada wanda ya kimanta ya zama shi ne mai son saye. Kada a gyara ko a goge kafin a kimanta. Idan ɗaya daga cikin magada ne zai riƙe agogon a kasonsa, yana da kyau a rubuta lambobinsa da sunan mai shi na farko da inda ya saye shi, idan an sani, a ajiye takardar tare da shi da duk wani tsohon sashe da mai gyara ya cire.